Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Sharhi a Kan Faifan Garmaho Mai Nauyi

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo kafin kaset ya cika kasuwa ya san faifan garmaho, wato baƙin farantin nan mai huda a tsakiya, wanda ake ɗora wa allura ya yi ta juyi yana fitar da murya. Da kaset ya yi ƙarfi, sa'an nan faifan sidi ya biyo baya a 1982, sai kowa ya ɗauka an gama da garmaho. Ashe da sauran shan ruwansa a gaba. Bisa lissafin ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, shi kuwa sidi miliyan 33 kacal. Rabon da garmaho ya sha gaban sidi a yawan ciniki tun 1987.

To, amma garmahon da ya dawo ya zo da sabon kirari. Da yawa daga faya-fayan da ake bugawa yanzu za ka tarar da 'yar takarda manne a jikin ledarsu, an rubuta "giram 180", wani lokaci ma "giram 200". Faifan da aka saba da shi a da nauyinsa tsakanin giram 120 ne zuwa 140. Ma'anar 'yar takardar nan a wurin mai saye ita ce: wannan faifai ya fi na da nauyi, saboda haka ya fi shi daɗin sauti, saboda haka kuma ya cancanci ƙarin kuɗi. Manufar wannan sharhi ita ce a ɗora wannan da'awa a sikeli, a ga abin da ke cikinta na gaskiya da abin da yake romon baka ne na 'yan kasuwa.

Yadda murya ke shiga roba

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin faifan. Da farko akwai uwar tef, wato ainihin abin da aka ɗauka a ɗakin ɗaukar sauti. Injiniya zai kunna wannan tef, sautin ya bi ta cikin wani inji mai allurar yanka, ita kuma allurar ta riƙa tsaga siririn kwari a jikin wani farantin ƙarfe da aka shafe da abu mai taushi kamar fenti. Kwarin nan guda ɗaya ne tal, yana kewayawa tun daga baki har zuwa tsakiya, kuma lanƙwashe-lanƙwashen da ke cikinsa su ne waƙar. Daga wannan faranti ake fitar da kwafin ƙarfe mataki-mataki, waɗanda masu sana'ar ke kira uba, da uwa, sai kuma hatimin bugu. Hatimin nan ake ɗaura wa injin matsa, a jefa curin roba mai zafi a tsakani, a matse, a sanyaya, faifai ya fito.

Abin lura a nan shi ne, zurfin kwarin da faɗinsa da duk wata lanƙwasa da ke cikinsa an riga an gama da su tun a wurin yanka. Hatimi ɗaya in an matsa shi a kan curi mai giram 130 ko mai giram 200, zanen da zai bari iri ɗaya ne. Kwarin kansa bai fi kaurin gashin kai ba, zurfinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, alhali faifai na yau da kullum kaurinsa ya haura milimita guda. Ashe ke nan maganar da ake yawan ji cewa faifai mai kauri yana da kwari mai zurfi ba ta da tushe. Manomi ya san cewa zurfin kwari daga garma yake. In ƙasar da ke ƙarƙashin gonar ta kai gaba goma ko gaba ɗari, kunyar da aka yi ba za ta sake ba.

Abubuwan da ke taɓa sauti da gaske wasu ne daban. Na farko, wane tef aka yi amfani da shi, uwar ce ko kuwa kwafin kwafinta? Na biyu, kunnen injiniyan da ya yi yankan da gwanintarsa. Na uku, tsabtar robar, sabuwa ce ko tsoffin faya-fayai aka narka. Na huɗu, tsawon waƙar da aka cusa a fuska ɗaya, domin in aka wuce kimanin minti 22 dole a matse layukan a rage ƙarfin sauti. Na biyar kuma saurin juyi. A faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, allura na cin kimanin santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifan, amma in ta kusa tsakiya sai ya ragu zuwa wajen santimita 20. Shi ya sa waƙar ƙarshe a kowace fuska takan ɗan dushe. Wannan ne dalilin da wasu kamfanoni ke raba kundi guda zuwa faifai biyu masu juyi 45. A cikin waɗannan abubuwa biyar babu inda nauyi ya shigo.

Asalin ƙaunar nauyi

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Masu son faifai mai nauyi suna da dalilinsu na tarihi. Kamfanin Columbia ne ya fito da dogon faifan roba a 1948, kuma faya-fayan shekarun 1950 masu ɗan kauri ne. A ƙarshen 1969 kamfanin RCA ya fito da wani samfuri da ya sa wa suna Dynaflex, mai nauyin kimanin giram 90, siriri har ana iya lanƙwasa shi da hannu. Bayan haka sai ga rikicin man fetur na 1973, robar faifai kuwa daga mai ake samun ta, saboda haka ta yi tsada. Masana'antu suka shiga rage kauri, suna kuma niƙe faya-fayan da suka yi kwantai suna sake narka su, wani lokaci har da ɓurɓushin takardar tsakiya a ciki. Sakamakon haka shi ne faifai mai ƙaraf-ƙaraf da shuu tun yana sabo.

Mai saye a wancan lokaci abu biyu ya gani tare: faifai ya sirance, sauti kuma ya lalace. Sai ya ɗaura laifin a kan sirantar, alhali mai laifin na gaskiya shi ne gurɓatacciyar roba da gaggawar aiki. Da ƙananan kamfanoni masu neman inganci suka taso, irin su Mobile Fidelity da aka kafa a 1977, sai suka riƙa neman uwar tef, suna yanka a tsanake, suna kai bugu Japan inda kamfanin JVC ke da roba mai tsabta. Wasu daga cikin fitattun bugunsu na farkon shekarun 1980 sun kai giram 200. Faya-fayan sun yi daɗi ƙwarai, kuma ga su da nauyi. Daga nan nauyi ya zama tambarin inganci. Matsalar tambari kuwa ita ce, ya fi abin da yake wakilta sauƙin kwaikwayo. Neman uwar tef da biyan gwanin injiniya aiki ne mai wuya da tsada. Ƙara giram 50 na roba kuwa kowa zai iya.

Zakaran gwajin dafi

Bari mu ɗauki kundi guda mu gwada wannan magana a kansa. Kind of Blue na Miles Davis, mabushin ƙaho ɗan Amurka, yana cikin kundayen kiɗan jaz da aka fi sake bugawa a duniya. An ɗauke shi a zama biyu, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu na 1959, a ɗakin ɗaukar sauti na Columbia da ke titi na 30 a birnin Niyok, wanda asalinsa tsohon coci ne mai faɗi da tsawon rufi. Tare da shi akwai John Coltrane da Cannonball Adderley a bushe-bushe, Bill Evans a fiyano, Wynton Kelly a fiyanon waƙa guda, Paul Chambers a babban tsirkiya, Jimmy Cobb a ganguna.

Kiɗa ne mai yawan sarari. Akwai wuraren da ba ka jin komai sai tattausan taɓin fiyano da amsa-kuwwar ɗakin, sa'an nan ƙahon ya shigo a hankali kamar mai sallama da dare. Irin wannan kiɗa shi ke tona asirin faifai, domin duk wani ƙaraf ko shuu na roba a fili zai fito, babu hayaniyar da za ta rufe shi. In akwai kundin da ya kamata nauyi ya nuna kansa a kai, to wannan ne.

Amma ga abin da tarihin kundin ya nuna. A zaman farko, injin tef ɗin da aka dogara da shi yana gudu ƙasa da ƙa'ida kaɗan. Saboda haka waƙoƙi ukun da ke fuskar farko, a bugun sitiriyo, sun riƙa fitowa da ɗan sauri, muryarsu ta ɗaga sama da yadda aka busa su. Haka aka yi ta bugawa shekara 33, a faifai mai kauri da siriri, sai a 1992 aka gyara, kuma gyaran a faifan sidi ya fara fitowa. Makaɗan da ke ƙoƙarin bin kiɗan da nasu kayan sun daɗe suna jin wani abu bai daidaita ba. Babu adadin robar da zai iya warkar da wannan ciwo, domin a gindi yake.

A 2021 kamfanin Analogue Productions na garin Salina a jihar Kansas ya fitar da bugu na alfarma na wannan kundi, mai giram 200, kwafi 25,000, a kan kimanin dala 100 kowanne. Masu sauraro da dama sun yaba masa, kuma yabon yana da hujja. Sai dai in muka duba dalilin, za mu ga cewa injiniya Bernie Grundman ne ya yi yankan kai tsaye daga uwar tef mai layi uku, a saurin da ya dace, aka kuma matsa kowane faifai a tsanake da roba mai tsabta. Da za a ɗauki wannan hatimi a matsa shi a kan giram 140 na irin wannan roba da irin wannan kulawa, da wuya a sami kunnen da zai rantse ya ji bambanci. Da kuma za a ɗauki tef mai gudun kuskure a matsa a kan giram 200, kuskuren ne zai fito a cikin riga mai tsada.

Abin da ya faru a 2022

Akwai wani al'amari da ya kamata duk mai sha'awar wannan fanni ya riƙe. Kamfanin Mobile Fidelity da muka ambata ya yi suna a kan cewa faya-fayansa daga uwar tef suke zuwa kai tsaye, ba tare da sun bi ta kwamfuta ba. Yana da wani samfuri mai tsada da ake tsallake matakin uba da uwa, a fitar da hatimi kai tsaye daga farantin yanka. Irin wannan hatimi ba ya buga kwafi masu yawa kafin ya gaji, in ya gaji kuma sai an sake sabon yanka. Da kamfanin ya ba da sanarwar zai buga kwafi 40,000 na Thriller na Michael Jackson ta wannan hanya, sai masu lissafi suka ce, anya masu tef ɗin za su yarda a yi ta kunna shi sau gommai? A watan Yuli na 2022 wani mai kantin faya-fayai a birnin Phoenix ya tayar da maganar a bainar jama'a, injiniyoyin kamfanin kuma suka amsa cewa lalle sukan kwafe tef ɗin zuwa na'ura mai lambobi tukuna, daga nan su yi yanka. An gano cewa tun 2011 ake haka. Shugaban kamfanin ya nemi gafara, masu saye suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2023 a kan abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 25.

Laifin ɓoye gaskiya yana nan, ba mai wanke shi. Amma darasin da ya shafi sharhinmu ya fi wannan. Shekara goma sha ɗaya masu ji da kansu a fagen sauraro suna yabon waɗannan faya-fayai, suna kafa hujja da su cewa sautin da bai taɓa kwamfuta ba daban yake, alhali ya taɓa. Faya-fayan kuwa daɗinsu bai ragu ba bayan tonon asirin. Wannan ya nuna mana cewa kunne yakan bi abin da ido ya karanta a jikin leda. Idan har rubutu zai sa mutum ya ji abin da babu, to nauyin da hannunsa ya ɗauka ma zai iya yin haka.

A yi wa nauyi adalci

Kada mai karatu ya ɗauka cewa faifai mai nauyi ba shi da wani amfani. Yana da shi. Ya fi zama daram a kan farantin garmaho, ya fi jure ɗauka da ajiyewa, kuma in an buga shi da kyau bai cika saurin karkacewa ba. Wasu na cewa yawan robar na shanye 'yar girgizar da ke tasowa daga injin, wanda mai yiwuwa ne, ko da yake shimfiɗa mai kyau a kan farantin ko abin danne tsakiya za su yi wannan aiki. A ɗaya gefen kuma, faifai mai kauri ya fi daɗewa kafin ya huce a cikin inji, kuma in masana'anta na gaggawa aka cire shi da zafinsa, a karkace zai iso hannun mai saye, ko kuma robar ta kasa cika kwarin sosai. Ga shi kuma yana cin roba kusan kashi 40 cikin ɗari fiye da na giram 130, da ƙarin kuɗin dako, duk a wuyan mai saye.

Inda nauyi ya fi tasiri shi ne a zuciya, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Mu da ke hulɗa da littattafai mun san bambancin riƙe littafi mai farar takarda da bango mai ƙarfi da riƙe wanda aka buga a takardar jarida. Kalmomin ɗaya ne, amma zaman da mutum zai yi wa karatun ya sha bamban. Haka faifai. Wanda ya zaro shi daga kwalinsa da hannu biyu, ya goge, ya ɗora allura, ya riga ya yi wa kansa alkawarin minti ashirin na sauraro ba tsallake. Ga babban hoto a bango, ga bayanin da ke baya, kamar wanda Bill Evans da kansa ya rubuta wa Kind of Blue. A zamanin da waƙa ta zama abin da ke kwarara daga waya kamar ruwan famfo, wannan natsuwa tana da daraja. Wani bincike da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna cewa rabin waɗanda suka sayi faifai a Amurka ne kawai ke da garmahon kunna shi. Ashe ke nan da yawa abin riƙewa suke saye, ba abin ji ba. Babu laifi a nan, muddin an kira abin da sunansa. Wanda ya buga littafinsa da bango mai ƙarfi bai yi ƙarya ba. Ƙaryar ita ce ya ce bangon ya gyara masa jimlolinsa.

Ina ruwanmu?

Mai karatu zai iya cewa wannan gardamar masu kuɗin Turai da Amurka ce. Amma ta taɓa mu ta fuska biyu. Ta farko, kiɗanmu ya shiga wannan kasuwa. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga La Musique Electronique du Niger na Mamman Sani a faifan garmaho, aikin da aka ɗauka a gidan rediyon Nijar a 1978 ya kuma fito a kaset. A shekarar dai kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda asalinsu da fiyano mai lantarki da kwamfuta aka haɗa su. Waɗannan faya-fayai sun kai kiɗanmu kunnuwan da bai taɓa zuwa ba, kuma wannan abin yabo ne. Amma iyakar ingancin sautinsu ita ce ingancin abin da aka samu aka kwafa. Roba ba za ta mayar da abin da ya riga ya zube ba.

Ta biyu ita ce mafi muhimmanci. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, duk sun yi faya-fayai da kamfanin EMI na Nijeriya, ban da abin da gidajen rediyo suka ɗauka nasu da na sauran makaɗa. Duk ranar da wani ya tashi sake buga waɗannan ayyuka da kyau, abin da zai fara nema shi ne uwar tef, ko kuma faifai na asali da bai goge ba. Tef kuwa ba ya son zafi da laima, faifai ma in an jingine shi a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu zai lanƙwashe, mai kauri ne ko siriri, ƙurar hunturu kuma tana cika kwarinsa. Ko a inda ake da kuɗin adana kaya asara na faruwa: gobarar da ta tashi a rumbun kamfanin Universal a Kalifoniya a 2008 ta cinye dubban tef na asali. Saboda haka duk wanda ke riƙe da tsohon faifai na makaɗanmu, komai sirantarsa, ya tsayar da shi a tsaye cikin rigarsa, a inuwa, ya kuma nemi a kwafe shi da na'ura mai kyau tun yana fita.

Kammalawa

A taƙaice, hukuncinmu shi ne: faifai mai giram 180 ko 200 yakan yi daɗi idan kamfanin da ya damu da nauyi ya kuma damu da tef da yanka da tsabtar roba, kuma daɗin daga waɗannan ukun yake zuwa. Nauyin shi kaɗai ƙarko yake bayarwa da daɗin riƙo. Mai saye ya juya kwalin ya karanta ƙananan rubutun baya: daga wane tef aka kwafo, wa ya yi yanka, a wace masana'anta aka matsa, minti nawa ne a kowace fuska. Kamfanin da ya yi aikin kirki ba ya ɓoye waɗannan, kamar yadda jerin Tone Poet na Blue Note, wanda aka fara a 2019, ke bayyana sunan injiniyansa Kevin Gray da masana'antar RTI da ke bugawa. In kuwa ka duba ba ka ga komai ba sai 'yar takardar giram 180, to ka sani roba kawai aka sayar maka, kuma faifan giram 130 na shekarun baya da aka yanka daga sabon tef yana iya shan gabansa nesa ba kusa ba.